Kwalbar da Ta Dawo Babu Komai

Akwai wata Talata ta tsakiyar bazara da ban taɓa mantawa da ita ba. Ita ce ranar da aka sauko da Saratu daga bayan a-kori-kura, kwance a kan buhunan albasa, tana rawar ɗari alhali mu zufa ce take keto mana. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin ungozoma a asibitocin karkara, daga Rabah zuwa Wurno, daga nan zuwa ƙasar Goronyo, na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba. Amma duk lokacin da sababbin ma'aikata suka ce in ba su labari guda daga aikin, wannan nake ba su, domin a cikinsa ni ce mai laifi.

A lokacin ina wani ƙaramin asibiti kusa da gonakin rani da ake ba ruwa daga madatsar Goronyo. Ba sai na faɗi sunan garin ba. Ba mu da likita. Babbanmu shi ne jami'in lafiya da muke kira Incaji, shi ke duba marasa lafiya, shi ke sa hannu a takardar tura mutum babban asibiti a Sakkwato. Ni ce ungozoma, duk abin da ya shafi mata masu ciki a hannuna yake. Sai Malam Sahabi mai ɗakin gwaji, dattijo mai sanyin hali, wanda zai iya wuni bai yi magana goma ba.

Talata ce ranar awon ciki. Tsarin kuwa ga shi. Mace za ta zo da katinta, a auna nauyinta, a auna jininta, ta hau gado in taɓa cikin in ji kwanciyar ɗa, in kara ɗan mazurari in saurari bugun zuciyarsa. Amma kafin duk wannan, sai an ba ta 'yar kwalba ta je ta kawo fitsarinta. Malam Sahabi zai tsoma tsinken gwaji a ciki, wata siririyar takarda mai ɗigo-ɗigon launi. Idan launin ya sauya, sai ya ɗiga fitsarin a kan gilashi ya duba ta madubin ƙara girma, ya rubuta abin da ya gani a katin.

Ga wanda ba ɗan aikin ba, zai ce mene ne abin damuwa a fitsari. To, ciki yana danne mafitsara, yana kuma sassauta hanyar fitsari, sai ya zama fitsarin ba ya fita duka. Ɗan abin da ya rage ya kwana, a nan ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Wata za ta ji zafi idan tana yi, ko ta riƙa jin fitsarin kowane lokaci amma ɗan kaɗan ke zuwa, ko mara ta riƙa ciwo. Wata kuwa ba za ta ji komai ba sam. Mata sukan ce sanyi ne, su sha jiƙo su yi shiru. Idan an kama abin da wuri, maganin kwana bakwai ne, irin wanda ba ya cutar da ɗan da ke ciki. Idan an bar shi, sai ya hau zuwa ƙoda, ya kawo zazzaɓi mai zafi da ciwon kwiɓi, kuma yana iya ta da naƙuda tun lokaci bai yi ba. Saboda haka wannan 'yar kwalba ba abar wasa ba ce, kuma ni na fi kowa sanin haka.

Sanin nan ne ya kai ni ga kafa doka. Kowace Talata mata su kai sittin, ni kaɗai, kuma kullum sai an sami waɗanda za su dawo da kwalba babu komai, su ce bai zo ba. Ni kuwa a zamanin nan ina da zafi, ban ɓoye ba. Mata har suna suka sa mini, wai Malama Barkono, suna tsammani ban sani ba. Sai na ce duk wadda ta dawo da kwalba babu komai ta koma ƙarshen layi, ba zan taɓa cikinta ba sai ta kawo. Cikin wata biyu matsalar ta kau. Kowa ta dawo da kwalbarta cike. Har a taron ma'aikata na yi alfahari da haka, na ce mata ba su son lallashi, sai an nuna musu da gaske ake.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne me komawa ƙarshen layi ke nufi. Matan ƙauyukan bakin ruwa motar albasa ke kawo su da safe, ita ke mayar da su da azahar. Wadda motar ta bari, sai ta taka da ƙafa cikin rana, da ciki a gaba, ta kuma je ta yi wa miji bayani.

Daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan wasu mata huɗu ke zuwa tare. Babbarsu Kulu, mai ciki na takwas, doguwa, mai murya, ga raha, ba ta shakkar kowa. Sauran ukun yara ne a kanta, cikinsu har da Saratu. Saratu ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, siririya, ba ta ɗaga kai idan tana magana. Katinta ya nuna wannan ne cikinta na uku, kuma ba ta da ɗa a hannu. Biyun farko duk a wata na bakwai suka zo, a gida, ba su zauna ba. Irin wannan mace muna sa mata jan alƙalami a kan kati, ma'ana a sa mata ido. Da hannuna na ja mata layin.

Zuwanta na farko, cikin yana wata huɗu, ta dawo da kwalba babu komai. Ta tsaya a gaban teburina ta yi wata magana ƙasa-ƙasa. Ina rubutu, ga hayaniya, ban ɗaga kai ba.

Na ce, "Ba surutu nika so ba. Koma baya, in kin samu ki zaka."

Ba a jima ba ta dawo da kwalbar cike. Na ce a raina, ka ga aikin doka.

Malam Sahabi ya gwada, ya ga alamar jini kaɗan, ya duba a madubi ya ga ƙwan tsargiya. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Tun da ruwan madatsa ya fara kwanciya a magudanai rani da damina, tsargiya ta zama ruwan dare a ƙauyukan nan, duk mai shiga ruwan yana iya ɗauka. A wancan lokacin ƙa'idar da muke bi ita ce ba a ba mai ciki maganinta sai ta haihu. Sai ya rubuta: tsargiya, a ba da magani bayan haihuwa, babu mugunya. Haka ya rubuta wa Kulu, haka ya rubuta wa sauran biyun. Wata na biyar haka, wata na shida haka. Mata huɗu, ƙauye ɗaya, ruwa ɗaya suke shiga, me zai hana cutarsu ta zama ɗaya? Da haka muka gamsar da kanmu, ni da shi.

Sai ga wannan Talatar. Mijinta Mamman, manomin albasa, shi ya tallabo ta da taimakon Kulu. Ya ce kwana huɗu ke nan tana zazzaɓi, sun ɗauka na cizon sauro ne, ya sayo magani a kyamis an ba ta, abin sai gaba yake. Tun daren jiya take amai, ba ta iya miƙe bayanta.

Muka kwantar da ita. Jikinta kamar garwashi. Na ɗan buga kwiɓinta na dama da gefen hannu, yadda ake gwada ƙoda, ta saki ƙara. Na ɗora tafina a kan cikin, na ji yana tamkewa yana saki, yana tamkewa yana saki. Wata bakwai da 'yan kwanaki. Zuciyar ɗan tana bugawa, amma da sauri fiye da yadda nake so.

Da yake ba ta iya tashi, ni na kara mata tasa da kaina. Abin da ya fito bai cika cokali uku ba, ya yi kauri, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ga wari. Na juye a kwalba na aika wa Malam Sahabi.

Malam Sahabi ba ya fitowa daga ɗakinsa sai salla. Ranar sai ga shi a ƙofar ɗakin mata, da katin Saratu a hannu, ya yi sallama ya ce in ɗan zo.

Ya ce, "Malama, katin ga nata na?"

Na ce, "Nata na. Mi ya faru?"

Ya ce, "Hitsarin ga mugunya ta cika shi, ba ta jiya ba ta, ba ta shekaranjiya ba ta. Kuma na duba sau ukku, ban ga ƙwan tsargiya ko guda ba. Ana samun haka, wata rana a gani wata rana ba a gani. Amma raina bai kwanta ba."

Ya ciro sauran katunan uku na 'yan ƙauyensu ya jera su a kan taga. Muka duba tare. Wata uku a jere, launi ɗaya, alamar jini ɗaya, ƙwai ɗaya, ko bambancin ɗigo babu. Ko 'yan uwa ciki ɗaya ba su yin haka. Rubutun nan ya yi wata uku a gabanmu, sai ranar muka karanta shi.

Na sa aka kira Kulu, na ja ta gefe inda ba mai ji.

Na ce, "Kulu, ki hwaɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Hitsarin da kuka kawowa, na wa na?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Nau na, Malama."

"Duka huɗun?"

"Duka huɗun. Ni da sahe nika shan kununa kwano guda, ban da matsala. Su ko yaran ga ba su shan ruwa. Sai in amshe kwalabensu in sa cikin mayahi, in shiga sau guda in cika muna. Ai hitsari hitsari na, Malama. Ke kinka ce kwalba ta dawo cike, ba ki ce na wa ba."

Na ji kamar in kai mata hannu. Na danne na ce, "Don mi ba su shan ruwa, ga zahin ga?"

Ta dube ni irin kallon da ake wa baƙo. Ta ce, "Malama, kin taɓa shiga gonar albasa? Hili na hwalau, babu icce, babu dawa tsaye, babu inda mace za ta ɓoye. Maza ga su nan ko'ina suna ban ruwa. In kin sha ruwa da sahe, ina za ki kai shi? Sai mu bari sai mun koma gida da marece. Ranar awo ko mota ɗaya muka shiga da maza. In mun zaka nan, ga makewayinku can, ƙohwatai tana kallon bencin da maza ka zama. Yarinya mai kunya ta ratsa gaban surukinta da kwalba a hannu? Ni na tsuhwa da wanga, su ko ba su iyawa. In sun dawo babu, ki kore su baya, mota ta tahi ta bar su. Taimako na niy yi."

Na waiwaya na dubi makewayin. Shekara uku ina wurin, kullum ina wucewa ta gabansa. Rami ɗaya ne da kewayen langa-langa, ƙofarsa tana fuskantar barandar da maza ke jiran karɓar magani. Mu ma'aikata namu yana bayan ofis, da makulli. Ban taɓa tsayawa na ga abin da idon mai ciki ba.

Ba lokacin dogon tunani ba ne. Incaji ya zo ya duba ta, ya sa mata ƙarin ruwa, ya yi mata allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta, ya rubuta takardar tura ta Sakkwato. Ƙa'ida ita ce mai naƙudar da lokacinta bai yi ba ba ta zama a ƙaramin asibiti, domin ba mu da kwalabar ɗumama bakwaini. Motar asibiti ta daɗe da lalacewa, tana ɗore a kan duwatsu, saboda haka muka roƙi mai a-kori-kurar, aka sauke rabin albasar, aka shimfiɗa katifa. Na bar wa Incaji sauran mata, na hau baya ina riƙe da robar ƙarin ruwa a sama. Mamman yana gefen ƙafafunta. Muka wuce Marnona. A Achida ne ya ɗago ya ce, "Malama, wanga zai zamna?" Na ce masa sai abin da Allah ya yi, muna dai ƙoƙari.

Mun isa bayan la'asar. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Ta duba Saratu, ta karanta takardar Incaji, ta buɗe katin awo. Ta ce, "Ikon Allah. Ga shi an gwada fitsarinta sau uku, ba a ga komai ba sai tsargiya?"

Na ce, "An gwada, likita. Amma ba nata ba ne."

Ta dube ni, na yi mata bayani a taƙaice. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce da an kama shi a wata na huɗu, da ƙwayoyi kawai za a ba ta ta koma gida. Sannan ta juya ga aikinta. Na gwammace a ce zagina ta yi.

Sun yi iya ƙoƙarinsu su tsayar da naƙudar, ba ta tsaya ba. Washegari da hantsi Saratu ta haifi namiji, ɗan mitsitsi, ya yi kuka siriri. Aka sa shi a kwalaba. Ya kwana biyu, a rana ta uku ya koma. Ita kuwa zazzaɓin ya sauka bayan kwana biyar na allurai, aka sallame ta da ƙwayoyi. Likitar ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan cikin biyu na baya ba, tun da ba wanda ya gwada komai a lokacin, amma wannan dai ciwon ƙodar ne ya ta da shi.

A aikinmu, idan aka yi irin wannan rashi, sai an rubuta rahoto an aika wa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Incaji ya kira ni ofis, ya karanta mini abin da ya tsara. Ya rubuta cewa matan yankin ba su ba ma'aikata haɗin kai, suna yaudara wajen gwaji, ana buƙatar wayar musu da kai.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ƙara da cewa ungozoma ta kahwa dokar korar mai kwalba babu komi, kuma makewayin mata shina kallon bencin maza."

Ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin san abin da kika cewa? Takardar tuhuma za su aiko maki."

Na ce, "Na sani. Su aiko."

Sun aiko kuwa. Na amsa, aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka sa a fayil ɗina, magana ta mutu a nan. Ba na faɗin wannan don a ce na yi jarumta. Takardar gargaɗi ba ta rage mini ko barcin rana ɗaya ba. Abin da ya hana ni barci a ƙauyensu Saratu na samo shi.

Bayan sati biyu da sallamarta na hau mashin na je yi mata gaisuwa. Na same ta a tsakar gida tana tsinke ganyen albasa, ta rame, amma ta sami sauƙi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Muka yi gaisuwa, na yi mata ta'aziyya. Har a lokacin akwai sauran Barkono a tare da ni, domin sai na ji bakina yana cewa, "Amma Saratu, ke da kinka san abin da yas same ki har sau biyu, don mi ba ki hwaɗa min kina jin ciwo ba?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta ta ce, "Na hwaɗa maki, Malama."

"Yaushe?"

"Ranad da nif fara zuwa. Na kawo maki kwalba nic ce, Malama, ɗan kaɗan ka zuwa, kuma shina yi min zahi kamar an sa yajin tanka. Kinka ce ba surutu kika so ba, in koma baya."

Babu fushi a muryarta, ba ta kuma faɗa don ta ƙona mini rai ba. Tambaya na yi, ta ba ni amsa. Har ta ƙara da cewa, "Kada ki damu, Malama, kwanansa na yak ƙare."

Wato yarinyar nan ta karanto mini alamun ciwon, kamar yadda suke a littafin da na haddace a makarantar ungozoma, wata uku kafin ya kai ƙoda. Ba sai da tsinken gwaji ba, ba sai da madubin Malam Sahabi ba. Ɗaga kai kawai ake buƙata. Na yi mata sallama, na hau mashin, ban san yadda muka iso gida ba.

Talatar da ta biyo baya na soke dokar. Na sa aka kawo randa biyu da moɗa aka ajiye a bakin ɗakin awo. Aka kewaye hanyar makewayi da zana, aka mayar da bencin maza ɗaya gefen ginin, duka aikin bai ci wuni guda ba. Kwalba kuma ɗaya-ɗaya ake bayarwa, da sunan mai ita a jiki. Muka yi magana da mai motar albasa ya riƙa ƙara musu ɗan lokaci. Da muka sake gwada sauran biyun 'yan ƙauyensu da nasu na gaskiya, ɗaya lafiya lau, ɗayar kuwa tana ɗauke da ciwon ba tare da tana jin komai ba. Aka ba ta magani, ta haihu lafiya a kan lokaci. Malam Sahabi ya bi katuna uku ya soke tsargiyar da ba tasu ba. Kulu ce kaɗai ta ci gaba da riƙe abarta, har ta haihu aka ba ta magani.

Kulun nan kuwa, wadda na so in mara, ita ta fi kowa yi mini aiki daga baya. Ita ta sa matan ƙauyensu suka kafa 'yar rumfar zana a gefen gonakin albasa, don mace ta sha ruwa ta sami inda za ta kewaya. Da maza suka fara tsegumi, ta ce duk wanda rumfar ta tsone wa ido ya zo ya same ta. Ba wanda ya je. Har ta daina zuwa awo ba ta yarda ta yi laifi ba, kullum cewa take taimako ta yi. Na daina musu da ita, domin a iya saninta gaskiya ta faɗa.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, wata Talata, na ɗaga kai na ga Saratu ce ta farko a layi, da sabon kati a hannu. Ciki ne, wata uku. Na ja mata jan layi, na rubuta sunanta a jikin kwalba na miƙa mata. Ta tafi bayan zana. Jim kaɗan ta dawo, ta ajiye kwalbar a kan teburina, babu ko ɗigo. Wannan karon ta ɗaga kai, ta dube ni ido cikin ido. Sauran mata suka zuba mana ido, duk sun san labarin.

Na ajiye alƙalami. Na tashi na je randa, na ɗebo ruwa a moɗa, na kawo mata da hannuna. Na jawo kujerar da ke gefena na ce, "Zamna nan ki sha. Wurinki shina nan, ba mai amshe shi. Yanzu hwaɗa min, mi kika ji?"

Ta faɗa mini. Irin na wancan karon ne, ya fara dawowa. Bayan moɗa uku ta kawo nata, Malam Sahabi ya ga mugunya kaɗan, aka ba ta ƙwayoyi na kwana bakwai. Kowane wata muka riƙa sake gwadawa. Ta wuce wata na bakwai, mu duka muna ƙirga kwanaki ba mai gaya wa wani. A wata na tara ta haifi mace a hannuna, ƙatuwa, mai kuka kamar ta tsaga ɗakin. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma ina goge jaririyar ina tuna wanta da muka bari a Sakkwato.

To, ku da kuke shiga aikin yanzu, kayan gwajinku sun fi namu, kuma ba na raina su. Amma ku sani, tsinken gwaji abin da aka tsoma shi a ciki kawai yake faɗa, bai san na wane ne ba. Matan karkara ba maƙaryata ba ne. Idan aka kafa musu dokar da ba za su iya bi ba, za su nemi hanyar da za su faranta wa mai dokar su koma gida lafiya, kuma za su rufa wa juna asiri. Duk lokacin da kuka ga doka ta yi aiki sumul, kowa yana kawo abin da ake so, ku tashi daga kujera ku je ku ga yadda ake samo shi. Na yi wata da watanni ina karɓar kwalabe cike ina jin daɗi, alhali a duk layin nan mai gaya mini gaskiya ita ce wadda ta dawo da tata babu komai, ni kuma na ce ta koma baya.